Barewar Wiskonsin da cutar CWD: in je farautar ko in haƙura?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin mutanen jihohin Wiskonsin da Minesota a nan Amurka. Wani abokin aikina Bature yana da gonar gado a gundumar Iowa, yamma da Madison (gunduma ce a cikin Wiskonsin, ba jihar Iowa ba), ya ce in zo mu yi farautar barewa tare idan an buɗe lokacin bindiga. Kwana 9 ne kamar kullum, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu na Nuwamba. Na yi kwas, lasisi yana hannu, har rigar nan mai ruwan lemo da doka ta ce a saka na saya. Niyyata in Allah ya ba da sa'a a yi kilishi da dambu a raba wa mutanen masallacinmu, kai da ƙafa kuma uwargida ta yi mana farfesu. To jiya ina ba maƙwabcina labari sai ya ce ai yankin nan shi ne cibiyar cutar CWD (wani ciwon ƙwaƙwalwa mai kashe bareyi), shi ko kyauta aka ba shi naman can ba zai kai bakinsa ba. Shi kuma mai gonar ya ce tun yana yaro naman gonar suke ci, ga shi nan garau. In je ko in haƙura?

Direban Tirela: Wa alaikumus salam. Yaya ka je abinka. Turawan nan komai sai sun sa masa tsoro. Ina bin hanyar nan duk wata, bareyi har kan titi suke tsalle, ko wacce ta yi ɓul-ɓul.

Baba Maharbi: Ɗana, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mu nan gida tun muna bin iyayenmu daji aka koya mana: dabbar da ba ta da lafiya ba ta ɓuya. Gashinta ya tashi, ido ya faɗa, ba ta gudu kamar 'yan uwanta. In ka buɗe ciki hanta za ta gaya maka gaskiya, huhu ma haka. Wadda ka ga ta rame ka bar ta, ka harbi mai ƙiba. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, a dafa shi ya yi laushi, wuta ba ta bar komai ba.

Anti Dokta (Minesota): Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa haka yake a yawancin cututtukan dabbobi, mu ma a makaranta da duba hanta da huhu aka fara mana. Amma wannan ta saɓa, ka yi mini haƙuri in ɗan tsawaita.

CWD ba ƙwayar cuta ce irin bakteriya ko bairos ba. Wani furotin ne da dama can yana jikin dabba, sai ya lanƙwashe ba daidai ba, duk lafiyayyen da ya taɓa shi ma ya lanƙwashe, a hankali har ƙwaƙwalwa ta yi huji-huji. Furiyon ake ce masa, wanda ya raɗa sunan, Stanley Prusiner, har lambar Nobel ya samu a 1997. Dangin ciwon haukan shanu ce. An fara ganinta a 1967 a wasu bareyi da aka killace a wurin bincike a Fort Collins, jihar Kolorado, yanzu ta shiga jihohin Amurka sama da 30, da Kanada, da Koriya ta Kudu, da Norwe.

Inda maganar ido ta faɗi shi ne, barewa tana ɗauke da ita shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba alama. Tana kiwo, tana gudu, tana haihuwa, ga kitse a bayanta. Sai a watannin ƙarshe za ka ga rama, dalala tana zuba, kai a sunkuye, kunnuwa sun langaɓe, tana yawan shan ruwa da fitsari, ba ta tsoron mutum. Mafi yawan waɗanda gwaji yake kamawa, mafarautan da suka harbe su rantsuwa suke yi lafiyarsu ƙalau. Hanta ba za ta nuna ba, huhu ba zai nuna ba. Kuma dahuwa ba ta kashe shi, ko tafasa, ko gashi, ko shanya. Wadda ta kamu kuwa ba ta tashi, babu magani babu allurar rigakafi.

Baba Maharbi: Ikon Allah. Cutar da wuta ba ta ci? To 'yata, ta yaya suke ɗauka, tunda daji ba garke ba ne?

Anti Dokta (Minesota): Ta yawu, da fitsari, da kashi, Baba. Suna lasar juna, suna shan ruwa wuri guda. In ta mutu gawar ta ruɓe, abin ya zauna a ƙasa shekara da shekaru, musamman ƙasa mai yumɓu tana riƙe shi sosai. Shi ya sa a gundumomin da cutar ta ɓulla ake hana zuba masara ko ajiye gishirin lasa don jawo su, saboda baki goma kan tsibi ɗaya ke nan.

Baban Hanif: Anti, to ni abin da ya dame ni: mutum yana ɗauka?

Anti Dokta (Minesota): Zuwa yau ba a tabbatar da ko mutum ɗaya da ya kamu da ita ba. A 2005 a gundumar Oneida ta jihar Niyok an yi wata liyafar mafarauta, mutane sama da 200 suka ci naman da daga baya aka gano na barewa mai cutar ne, masu bincike suka yi shekaru suna bibiyar wasunsu, ba a ga komai ba. Gwajin da aka yi kan birai kuma ya rabu biyu, wani bincike ya ce sun kamu, wani ya ce ba su kamu ba. Duk da haka hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, cewa ta yi in ka yi farauta a yankin da cutar take, ka kai gwaji, in ta fito da ita kada ka ci. Dalilinsu Ingila ne. An gano haukan shanu a 1986, aka yi ta gaya wa mutane nama lafiya lau, sai 1996 gwamnati ta fito ta ce akwai alaƙa da wani ciwon ƙwaƙwalwa da ke kashe matasa. Mutum 178 suka mutu a Birtaniya.

Direban Tirela: To kin gani. Shekara sama da 50 babu ko mutum ɗaya. Mota a kan babbar hanya ta fi wannan haɗari, kuma kullum muna ciki.

Hajiya Uwar Biyu: Malam Direba, motar ai kai ka zaɓi ka shiga. Shi Baban Hanif cewa ya yi zai raba wa mutanen masallaci. Yara za su ci, masu ciki za su ci, babu wanda zai tambaya daga wace gunduma. In kai ka ga za ka iya ci ka ci, amma ba ka ɗauki kasada a madadin 'ya'yan wani ba. Ni in an kawo mini kilishin barewa sai na ga sakamakon gwaji a waya kafin ya shiga gidana, kowa ya ji haushi.

Direban Tirela: Hajiya ai ba faɗa ba ne. Allah ya huci zuciyarki.

Malam Na-Milwoki: Assalamu alaikum. Hajiya ta riga ni. Ta fuskar halacci ba matsala: ka yi bisimilla lokacin da za ka harba, in ka same ta da sauran rai ka yanka, in ta cika kafin ka iso ta halatta. Amma halaccin yanka daban, cutarwa daban. Ƙa'idar ita ce ba cuta ba cutarwa. Tunda masana sun ce a gwada, gwajin kuma kyauta ne a Wiskonsin, wanda ya ƙi gwadawa ya raba wa jama'a bai kyauta ba. Ko da an gwada ma, ka gaya musu daga inda ta fito, mai so ya karɓa.

Baban Hanif: Allah ya gafarta Malam, to in na harba gwaji ya nuna tana da shi na zubar, ban yi ɓarna ba? Rai ne fa na ɗauka.

Malam Na-Milwoki: Niyyarka ci ne, ba wasa ba. Abin da aka hana shi ne kashe dabba don nishaɗi a yar. Wannan kuwa da ka bar ta ma mutuwa za ta yi a wulaƙance, bayan ta shafa wa wasu. Ban ga laifi a kanka ba, wallahu a'alamu.

Ɗan Gwari Mazaunin Dane: Ni daga nan gundumar Dane, inda Madison take, zan yi magana a matsayin wanda yake farauta a yankin da kake magana. Yaya, maƙwabcinka bai yi ƙarya ba. A watan Fabrairun 2002 aka sanar da cutar a Wiskonsin, daga bareyi 3 da aka harba kusa da garin Mount Horeb a lokacin farautar 2001. Daga nan zuwa gonar abokinka ba nisa. Yanzu a wasu sassan gundumar Iowa, manyan mazan bareyi fiye da rabi suna ɗauke da ita, mata kuma wajen ɗaya cikin uku. Wato in ka harbi ƙaton kishimi mai rassan ƙaho a can, kamar ka jefa kwabo sama ne ka jira sarki ko bayansa.

Shawarata ka je, amma ka canza abin da kake nema. Tunda nama kake so ba ƙahon da za ka rataya a bango ba, nemi ƙarama, 'yar shekara ɗaya ko mace matashiya. Sun fi ƙarancin cutar nesa ba kusa ba, naman ma ya fi taushi. Mazan ne suke yawo gona zuwa gona lokacin barbara, suna faɗa, suna shinshinar fitsarin juna, shi ya sa tasu ta kusan ninka ta mata.

Yadda nake yi: safar hannu ta roba tun daga farke ciki. A gida na rataye ta a gareji, na zare naman daga ƙashi da wuƙa kawai, ba na sa zarto, ba na raba ƙashin baya gida biyu kamar yadda muke yi wa rago. Kan nake yankewa a ƙarshe da wuƙa ta daban, in bar masa wuya kamar faɗin tafin hannu, domin kaluluwar da masu gwaji suke cirewa tana nan can ƙarƙashin muƙamuƙi ta bayan maƙogwaro. In ka yanke dab da kai ka bar abin gwajin a jikin gangar. Kai da za ka yi yankan Musulunci ka kula da wannan sosai. Akwai rumfunan hukumar namun daji ta jihar, DNR, a gidajen mai da shagunan kayan farauta, ka sa kan a leda, ka cika takarda, ka jefa a akwatin sanyi. Naman in ƙulla shi leda-leda, in rubuta kwanan wata da lambar barewar, ya zauna a firiza ba mai taɓawa. Sakamako yakan ɗauki kwana 10 zuwa mako 2. Ƙashi da sauran tarkace kuma akwai manyan kwandunan shara da aka ajiye musamman don haka, kada ka watsar bayan gida.

Baban Hanif: Ƙanina ka taimake ni wallahi. Amma tsaya, kan zan jefa a akwati? Farfesun fa?

Anti Dokta (Minesota): Baban Hanif, farfesun kai dai a haƙura, ko da gwaji ya fito lafiya. Ƙwaƙwalwa, ido, laka, saifa, kaluluwa, nan furiyon ya fi taruwa. Kuma mu ne masu fasa ƙashi mu tsotse ɓargo, mu ne masu cin ƙwaƙwalwa, Turawan da suka rubuta shawarwarin nan yawancinsu tsoka kawai suke ɗauka. Lissafin mai gonar da ya ce tun yana yaro yake ci, lissafin mai cin tsoka ne. Sannan sakamakon ba cewa yake yi babu ba, cewa yake yi ba a gano ba, domin wadda ta kamu kwanan nan tana iya tsallakewa. Ka sayi kan rago wurin mahaucin halal a yi maka farfesunka.

Hajiya Uwar Biyu: Maman Hanif ta huta da babbaka ke nan 😂

Ɗan Gwari Mazaunin Dane: Wani abu kuma. In ba za ka iya fiɗa da kanka ba ka ce za ka kai wa masu gyaran nama, ka tambaye su da kyau. Da yawa a lokacin farauta bareyi ke yi musu yawa, sai su haɗa naman mutane da dama su niƙa tare. Taka lafiyayya ce, ta wani ba a gwada ba, duk sun haɗu a inji ɗaya. Kuma tunda naman barewa ba kitse, kitsen alade suke ƙarawa in za su yi tsiran nan nasu. Na taɓa kai wa wani, da na je karɓa na ga yana ɗebo nawa daga babban baho ɗaya da na kowa, ban karɓa ba na bar masa.

Malam Na-Milwoki: A'uzu billahi. Wannan kam ya fi cutar saurin hana ci.

Direban Tirela: To ni tambayata, in abin ya kai haka me ya sa gwamnati ba ta rufe farautar gaba ɗaya a yankin ba? Ko dai kuɗin lasisi suke ji?

Anti Dokta (Minesota): Kuɗi yana ciki, ba a musu. Hukumomin namun daji a ƙasar nan da kuɗin lasisi suke tafiya, da harajin bindiga da harsashi na dokar Pittman-Robertson ta 1937. A 2002 da tsoro ya kama mutane, sayen lasisi a Wiskonsin ya faɗi da kusan kashi 10 cikin 100, hankalin hukuma ya tashi. Amma ko ba kuɗi, rufe farauta ƙara wa cutar ƙarfi ne. In ba a rage su ba sai su yi yawa, su cunkushe, masu cutar su daɗe suna zubar da yawu a ƙasa. A kudancin jihar ba kyarkeci mai yawa da zai rage su, mafarauci ne kaɗai.

Ɗan Gwari Mazaunin Dane: Anti, a nan zan ɗan saɓa miki. Rage su ɗin an gwada. Farkon abin hukuma ta shata yanki ta ce za ta ƙarar da bareyin cikinsa kakaf. Har da rani aka buɗe farauta, aka kawo maharban gwamnati, aka sa dokar sai ka harbi mace kafin a ba ka izinin namiji. Masu gonaki suka ce ba a ƙasarsu ba, suka kafa alluna suka hana shiga, kuma yawancin dajin yankin na mutane ne ba na gwamnati ba. Mafarauta suka tsani dokar macen nan har majalisar jiha ta soke ta a 2011. Gwamna Scott Walker ya ɗauko wani masani daga Teksas, James Kroll, rahotonsa na 2012 ya ce a sassauta. Tun daga nan sai sa ido da gwaji. Dattijan da nake farauta da su har yau in ka ambaci shekarun nan ransu ɓaci yake yi, suna cewa an mayar da su mahauta a gonakin iyayensu.

Anti Dokta (Minesota): Ban ƙi ba, an yi kuskuren tafiyar da mutane. Amma dubi Ilinoi, maƙwabciyarku. Shekara ɗaya aka gano cutar a jihohin biyu, 2002. Su suka ci gaba da tura maharba duk hunturu zuwa daidai inda aka samu mai cutar, suka yi shekaru suna riƙe ta wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100, taku tana hawa. Daga baya tasu ma ta fara hawa, amma sun sayi lokaci mai yawa. Niyok kuwa da suka ga biyu a daji a 2005 suka yi wa wurin dirar mikiya, ba a sake ganinta a bareyin dajinsu ba. Kuma binciken da hukumarku ta yi a kudu maso yammacin jihar, wanda suka sa wa bareyi abin wuya suna bibiya, sakamakon da ya fito a farkon 2025 ya nuna mace lafiyayya tana da kusan kashi 83 cikin 100 na kaiwa baɗi, mai cutar kashi 41. Namiji mai cutar kashi 17 kacal. Sun ce in cutar ta wuce wajen kashi 29 a cikin mata, garken raguwa zai fara yi. Dattijanka da suka ƙi a rage, cutar tana rage musu.

Ɗan Gwari Mazaunin Dane: Wannan gaskiya ne, su ma suna faɗa, wuraren da da kake ganin 20 da yamma yanzu da ƙyar ka ga rabinsu. Sai dai kin lura shawararmu ta ci karo? Ni na ce ya harbi ƙarama don tukunya. Don lafiyar garke kuwa babban namijin ya kamata a cire.

Anti Dokta (Minesota): Na lura. In lasisinsa ya ba shi biyu ya yi duka. In namijin ya fito da cutar, jiharku tana ba da izinin harbin wata a madadinta.

Ɗalibi a Oslo: Salam. Ina bin muhawarar tun ɗazu. Mu nan Norwe a 2016 aka fara ganinta, a bareyin ƙanƙara na daji da ke tsaunin Nordfjella, karo na farko a Turai. Gwamnati ba ta tsaya dogon zance ba, ta ce a kashe garken duka. Mafarauta suka fara, ƙwararrun maharba suka ƙarasa da jirage masu saukar ungulu da baburan ƙanƙara, kafin tsakiyar 2018 sun gama da kimanin 2,000. Aka ce a bar wurin fayau aƙalla shekara 5. Mutanen yankin sun ji zafi ƙwarai. Kuma a 2020 sai ga ta a Hardangervidda, inda garke mafi girma yake, nan kam ba wanda ya iya cewa a kashe duka, sai aka koma ƙara harbin mazan.

Direban Tirela: Dubu biyu! Wannan ai zalunci ne. A kan dabba nawa masu ciwo?

Ɗalibi a Oslo: Ba su kai 20 ba, Yaya. Hujjarsu ita ce Amurka ta jira ta ga abin da ya faru. Kuma can tsauni ne fili, garken a ware yake da hanyoyi, ana iya ƙirga su. Dajin Wiskonsin ba haka yake ba.

Baba Maharbi: Ni dai abin da ya ba ni mamaki, ku matsalarku yawan nama ne har ana rigimar a rage. Mu nan sai ka kwana uku a daji ba ka ga sawun gada ba.

Kawu Na-Mishigan: Jama'a ku yi haƙuri na shigo a makare. Bara da ƙarshen rani wani abokina mai gona ya tarar da bareyi matattu a bakin rafi, har da wata a cikin ruwa, duk cikin 'yan kwanaki, wari ya hana shi zuwa wurin. Wannan CWD ɗin ce?

Anti Dokta (Minesota): A'a Kawu, wannan kama da EHD ya yi, wata cuta ce daban kuma mutane suna yawan haɗa su. Ita bairos ce, wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ba su kai sauro ba ke yaɗa ta, suna ƙyanƙyasa a taɓon bakin tafki in an yi fari ruwa ya ja baya. Zazzaɓi mai zafi take sa su, da zubar jini a ciki, harshe ya kumbura, shi ya sa suke rugawa ruwa su mutu a can. Cikin kwanaki take kisa. Da sanyin farko ya sauka ya kashe ƙwarin, shi ke nan ta tsaya. A 2012 jiharku ta ƙirga kusan 15,000 da suka mutu. Ba ta kama mutum, wasu bareyin suna warkewa, za ka gan su da kofato a ɓantare, garke kuma yakan farfaɗo cikin 'yan shekaru.

Abin da ya sa bambancewar ke da muhimmanci, hukuncin mafarauci kishiyar juna ne. In EHD ta yi ɓarna a yankinka, ka ɗaga wa mata ƙafa shekara ɗaya ko biyu su hayayyafa. A 2021 Dakota ta Arewa har mayar wa mafarauta kuɗin lasisinsu ta yi a yankunan da ta yi tsanani. In CWD ce kuwa ɗaga ƙafar shi ne matsalar.

Kawu Na-Mishigan: To Alhamdu lillahi. Abokin nawa dama bai harbi mace ba bara, ashe ya yi daidai.

Anti Dokta (Minesota): Ya yi daidai. Amma ku ma kuna da CWD tun 2015 a tsakiyar jihar, sannan can arewa maso gabas wajen Alpena akwai tarin fuka na shanu a jikin bareyi. Wannan kam tana kama mutum, musamman wurin fiɗa. Kuma ita ce wadda ilimin Baba Maharbi yake aiki a kanta, don wani lokaci za ka ga ƙuraje farare ko ruwan ɗorawa a huhu da jikin haƙarƙari ta ciki.

Baba Maharbi: Yauwa 'yata, ashe dai ba a kore mu gaba ɗaya ba.

Direban Tirela: Baban Hanif, in ka samu ka ajiye mini cinya guda da ƙashinta, zan biyo ta Madison in wuce da ita Ohayo.

Ɗan Gwari Mazaunin Dane: Yaya Direba, a nan ne za ka jawo wa kanka tara. Jihohi da yawa sun hana shigo da gawar barewa ɗungurungum daga wata jiha, musamman kai da ƙashin baya. Nama zalla da aka zare daga ƙashi shi ne ba rigima. Ko a cikin Wiskonsin ma akwai ƙa'idar fitar da gawa daga gundumomin da cutar take. Ta bayan motoci abin nan yake tsallaka ɗaruruwan mil, ko gawa ko bareyin gidajen kiwo da ake sayarwa. Koriya ma a jikin dabbobin da aka shigo da su daga Kanada ta same ta.

Direban Tirela: To a zare ƙashin. Amma ni ba sai na jira wani sakamako ba.

Hajiya Uwar Biyu: Baban Hanif kada ka ba shi sai ya fito. Yana da iyali.

Baban Hanif: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da mai gonar yanzu. Ashe shi ma 'yan shekarun nan yana kai gwaji, ya ce akwai waɗanda ya zubar, bai dai faɗa mini ba don kada in fasa. Zan je in sha Allahu, mace matashiya zan nema. Kilishin masallaci sai sakamako ya fito, kuma zan sanar da daga inda naman yake. Matsala ɗaya, Maman Hanif ta ce naman da ba a san matsayinsa ba ba zai kwana a firizarta kusa da kajinta ba. Sannan wuƙaƙen fa, sabulu ya isa?

Anti Dokta (Minesota): Sabulu bai isa ba. Ka fara wanke su tas kada ɗigon nama ya rage, sannan ka jiƙa a ruwan bilic na gida, kashi 2 na bilic kashi 3 na ruwa, minti 5, ka ɗauraye. A kan ƙarfe mara tsatsa aka gwada wannan ya yi aiki. Katakon yanka kuwa yana shan abu, ka shimfiɗa leda mai kauri ka yi aikin a kai, in ka gama ka naɗe ka zubar tare da ƙasusuwan. Kada ka ɗauki wuƙar kicin ɗin Maman Hanif.

Ɗan Gwari Mazaunin Dane: Firiza kuma ina da ta gareji wadda ba a sa komai sai barewa. Ka kawo, amma ka rubuta sunanka a kowace leda da alƙalamin da ba ya gogewa, don nawa ma yana ciki. Ka yi mini magana ta akwatin sirri in turo maka inda rumfar gwajin da ta fi kusa da gonar take, wasu ba sa buɗewa sai lokacin bindiga.